Totuwar Kwakwa a Matsayin Makamashi: Wa Zai Biya Kuɗin Ruwan Wanki?

Tun daga lokacin da farashin litar man dizal ya haura Naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin da ake ba wuta awa 20 a rana zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, masu masana'antu a ƙasar nan suka shiga waige-waige, suna neman abin da za su jefa a wuta wanda farashinsa bai rataya a wuyan dala ba. Abin da idonsu ya fara sauka a kai kuwa shi ne sharar gona. Ɓawon ƙwarar kwakwar manja, wanda a da ake shimfiɗawa a kan hanyoyin gonaki don maganin taɓo, yanzu ya zama haja mai farashi, har ma masana'antun siminti irin na Ewekoro a Jihar Ogun na ƙona shi tare da sauran makamashinsu.

Sai dai akwai wata shara da ta fi ɓawon yawa nesa ba kusa ba, wadda har yanzu kasuwa ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Idan aka turara kan kwakwa aka kakkaɓe 'ya'yan da ke jikinsa domin matsar manja, abin da ke saura wani ƙwarangwal ne mai zare-zare da ƙaya, wanda za a iya kira totuwar kwakwa, kamar dai totuwar masara bayan an ɓare ƙwayar. A cikin kowane tan 100 na kawunan kwakwa da suka shiga babbar matsa, ana samun manja kimanin tan 20, ɓawon ƙwara tan 6 ko 7, totuwa kuwa tan 22 zuwa 23. Wato duk tan guda na manja yana barin fiye da tan guda na totuwa a bayan gida. Nijeriya, wadda ita ce ke kan gaba a duniya wajen manja a farkon shekarun 1960, a yau tana matsayi na biyar da kimanin tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, saboda haka lissafi mai sauƙi ya nuna cewa totuwar da ake tarawa duk shekara a jihohi irin su Edo, Ondo, Akwa Ibom, Kuros Riba da Imo ba ta gaza wannan adadi ba.

Me ya hana a ƙona ta kamar yadda ake ƙona ɓawon? Dalili na farko shi ne danshi, domin totuwa tana fitowa daga matsa da ruwa kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyinta. Dalili na biyu ya fi wannan wuyar magani, kuma ba a ganinsa da ido. Itacen kwakwa yana zuƙo sinadarin fotasiyam mai yawa daga ƙasa, kuma kaso mai tsoka na wannan sinadari yana taruwa a cikin totuwar, har ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinta. Tare da shi akwai kulorin, wato sinadarin nan da ke cikin gishirin miya. Idan waɗannan biyu suka shiga wutar tukunyar tururi, sai su tashi tare da hayaƙi, su je su daskare a jikin bututun ƙarfen da ruwa ke bi, su zama wani irin danƙo da ke kama duk ƙurar da ta gifta. Bugu da ƙari fotasiyam yana sa toka ta narke da wuri. Tokar itace takan jure zafin da ya wuce digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyos kafin ta fara laushi, alhali tokar kara da ta totuwa kan fara narkewa tun zafin bai kai digiri 1,000 ba, ta dunƙule ta zama kamar kashin maƙera, ta toshe ramukan da iska ke shiga. Shi kuma kulorin aikinsa cin ƙarfe. Sakamakon haka tukunyar da aka saya domin ta yi shekaru sai a riƙa tsayar da ita a kai a kai ana fasa dunƙulen toka da guduma, ana sauya bututu, kuma duk ranar da tukunya ta tsaya masana'anta ce ta tsaya.

Waɗanda suka fara cin karo da wannan matsala a babban mataki su ne mutanen ƙasar Danmak. A shekarar 1990 ƙasar ta hana manoma banka wa karan alkama da na sha'ir wuta a gona, sannan a 1993 aka ƙulla wata yarjejeniya a majalisarta wadda ta ɗora wa kamfanonin lantarki ƙona tan miliyan 1.2 na kara a kowace shekara. Ba a jima ba injiniyoyi suka lura da wani abu. Karan da aka kwashe nan take bayan girbi, yana nan rawaya shar, shi ne ke lalata tukunya. Wanda aka bari a gona ruwan sama ya daka shi har ya koma toka-toka a ido kuwa yana ci lafiya, domin ruwan ya tafi da fiye da rabin gishirin da ke cikinsa. A daidai wannan zamani, a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda dokar 1991 ta fara taƙaita ƙona karan shinkafa, Farfesa Bryan Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada wanke karan da ruwa a ɗakin bincike, suka kuma wallafa sakamakon a 1996. Abin da ya fito fili shi ne fotasiyam da kulorin ba su manne da jikin tsiro sosai ba, ruwa zalla ma yana iya fitar da mafi yawansu, a wasu gwaje-gwajen har kashi 80 zuwa 90 cikin 100.

Masu aikin sukari sun daɗe suna cin wannan moriya ba tare da sun biya ko sisi dominta ba. Tuƙar rake tana ci da kyau a tukunyoyin masana'antu irin na Numan saboda a wajen matsa ana zuba wa raken ruwa ana sake matsewa domin a tatse zaƙin, kuma gishirin yana bin ruwan raken ya fita. Ɓuntun shinkafar da ya yi tsauni a Abakaliki kuwa ciwonsa daban ne: kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce mai sinadarin yashi, wadda wanki ba ya fitar da ita. Saboda haka ba kowace shara ce ke bukatar wanki ba, kuma ba kowace ce wanki ke yi wa amfani ba. Totuwar kwakwa dai tana sahun gaba cikin masu bukata.

Kasuwar da ta tayar da hankalin masu zuba jari a kan totuwa ita ce ta Japan. Tun daga 2012, lokacin da ƙasar ta fara ba masu samar da lantarki daga makamashi mai sabuntuwa farashi na musamman, take sayen miliyoyin tan na ɓawon ƙwara daga Indunusiya da Malesiya, kuma da ɓawon ya yi tsada sai kamfanoni irin su IHI suka juya ga sarrafa totuwa zuwa ƙananan curi. Amma masu saye suna da ma'auni mai tsauri. Alal misali, ƙa'idar duniya ta curin katako mai daraja ta ɗaya ba ta yarda toka ta wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, kulorin kuma kashi 0.02. Totuwar da ba a wanke ba ko kusa da wannan ba ta zuwa.

Ban da wanki da ruwan sanyi ko mai ɗumi, akwai wasu hanyoyi biyu da ake bi. Ta farko ita ce gashi: a dumama sharar a zafin digiri 200 zuwa 300 a wurin da iska ba ta shiga, har ta yi duhu ta yi gautsi, ta rasa kimanin kashi 30 na nauyinta amma ta riƙe kusan kashi 90 na ƙarfin wutarta. Wannan yana gyara danshi da sauƙin niƙa, sai dai fotasiyam yana nan daram, hasali ma kasonsa ƙaruwa yake yi tunda nauyin ya ragu. Ta biyu ita ce dafuwa cikin ruwa a rufaffiyar tukunya, a zafin digiri 180 zuwa 250, dabarar da Bajamushe Friedrich Bergius ya bayyana tun 1913 yana ƙoƙarin kwaikwayon yadda kwal ke samuwa a ƙarƙashin ƙasa. Cibiyar binciken makamashi ta ƙasar Holan ta gina wata hanya a kan wannan tushe mai suna Torwash. Dafuwar tana fasa ƙwayoyin tsiron, ta yadda gishirin ke fita kusan duka, abin da ya rage kuma ya matsu cikin sauƙi. Makamashin da ke fitowa yana da kyau ƙwarai. Ruwan da ke fitowa kuwa baƙi ne ƙirin, mai tsami, ɗauke da sinadaran da wasunsu guba ne ga ƙananan halittun da ake dogara da su wajen tace dagwalo.

A nan ne lissafin ke rikicewa, kuma a nan ne takardun neman jari kan yi saurin wucewa. Gishirin da aka cire daga makamashi bai ɓace ba, ya koma cikin ruwa, kuma bai tafi shi kaɗai ba: yana tafiya da zaƙi-zaƙin tsiron, da ragowar mai, da ƙananan zare, waɗanda ke ruɓewa da zarar sun shiga rafi. Masana na auna ƙarfin irin wannan dagwalo ne da yawan iskar oksijin da ƙwayoyin ruɓa za su cinye kafin su gama da shi, abin da za a iya kira ma'aunin yunwar iska. Idan yunwar ta yi yawa, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ce ke ƙarewa. Matsar manja tun asali tana da nata dagwalon, kimanin lita 600 zuwa 700 kan kowane tan na kawunan kwakwa, wanda yunwar iskarsa ke kaiwa miligiram 25,000 a kowace lita, wato kusan ninki ɗari na ruwan masai da wanke-wanken gari. Ruwan wankin totuwa bai kai wannan kauri ba, amma a kansa ake zuba shi.

Domin a ga girman abin, a ɗauki misalin matsa mai cin tan 30 na kawunan kwakwa a awa guda. Irin wannan tana fitar da dagwalo kimanin lita 20,000 a awa, da totuwa kusan tan 7, wanda busasshen nauyinsa bai wuce tan biyu da rabi ba. Idan aka ƙaddara lita 10 na ruwa ga kowane kilo na busasshiyar totuwa, wanda ba almubazzaranci ba ne idan aka kwatanta da abin da ake zubawa a ɗakunan gwaji, ana bukatar lita 25,000 a awa. Ke nan ruwan da matsar za ta tace ya ninka har ya ɗora. Tafkunan da aka haƙa domin tsohon dagwalo ba za su ɗauka ba, sai an sayi fili an haƙa sababbi, an ƙara famfuna, an ƙara wutar da za ta juya su. Ana iya rage yawan ruwan ta hanyar juya shi sau da dama a kan sabuwar totuwa, amma gwargwadon yadda ya ragu gwargwadon yadda yake ƙara kauri, kuma ruwa mai gishiri da yawa yana raunana ƙwayoyin da ke aikin tacewa.

Akwai kuma kuɗin busarwa. Duk kilo guda na busasshiyar totuwa yana zuwa da ruwa kusan kilo biyu, kuma in da wuta za a ƙafar da wannan ruwa, zai cinye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin wutar da ke cikin totuwar kanta. Shi ya sa na'urar matsewa ta fi na'urar wanki muhimmanci a wannan sana'a, ko da yake ba ita ake nuna wa baƙi ba.

Tarihin Malesiya yana da darasi ga masu tsara manufofi. A tsakiyar shekarun 1970 dagwalon matsar manja shi ne babban abin da ke kashe kogunan ƙasar. A 1977 gwamnati ta kafa doka ta musamman a kan matsar manja, wadda ta haɗa abu biyu: iyaka a kan yunwar iskar ruwan da za a saki, da kuma haraji gwargwadon ƙazantar da aka saki. An fara da iyakar miligiram 5,000 a lita a 1978, ana matse ta shekara bayan shekara har ta sauko zuwa 100 a 1984. A shekarar farko, lokacin da iyakar ba ta zama dole ba, masu matsa da dama sun gwammace su biya harajin su ci gaba da zuba dagwalo, domin ya fi musu arha. Sai da aka wajabta iyakar aka kuma nuna za a iya ƙwace lasisi sannan aka ga tafkunan tacewa sun bazu. Masana'antar ba ta durƙushe ba kamar yadda aka yi ta gargaɗi, ta ci gaba da haɓaka. Daga 2014 kuma hukumar manja ta ƙasar ta wajabta wa sababbin matsa da masu faɗaɗawa su riƙa kama iskar gas ɗin da ke tashi daga tafkunan. Wannan iska tana cin wuta kamar gas ɗin girki, ana samun kimanin mita 28 na murabba'in akwati daga kowace lita 1,000 ta dagwalo, kuma in an bar ta ta tashi sama ta fi hayaƙin kabon dumama duniya sau fiye da ashirin. A ƙasar nan kamfanin Presco ya gina irin wannan wuri a matsarsa ta Obaretin da ke Jihar Edo. Matsar da ta riga ta mallaki irin wannan na'ura tana iya mayar da ruɓaɓɓen ɓangaren ruwan wanki ya zama wuta. Fotasiyam ɗin dai ba ya ruɓewa, yadda ya shiga tafki haka zai fita.

To amma fotasiyam ba ƙazanta ba ce a idon manomi, shi ne harafi na uku a jikin buhun takin NPK. Mutanen karkara sun san darajarsa tun kafin zuwan tukunyar tururi. A ƙasar Ibo ana ƙona totuwar kwakwa a tace tokar da ruwa a sami abin da suke kira ngu, wanda ake sawa a abinci ana kuma yin sabulu da shi, daidai da ruwan tokar da matan ƙasar Hausa ke tacewa daga tokar kara su sa a miya in babu kanwa. Nijeriya tana yin takin yuriya nata, amma fotash daga waje take sayo shi da kuɗin ƙasashen waje, kuma a 2022, da yaƙin Yukren ya tare hanyar kayan Rasha, sai da Hukumar Zuba Jarin Ƙasa ta garzaya Kanada ta sayo shi cikin gaggawa domin kada masu haɗa taki su tsaya gab da damina.

A koma kan misalin matsar nan mai tan 30. Totuwarta tana ɗauke da fotasiyam kimanin kilo 50 a awa, kuma in wanki ya fitar da kashi 80, kilo 40 ke shiga ruwa, daidai da abin da ke cikin buhu ɗaya da rabi na takin fotash mai kilo 50. In matsar ta yi aikin awa 4,000 a shekara, maganar buhu fiye da 6,000 ake yi. Wannan dukiya ce, sai dai a tsarme take: tankar mai lita 33,000 cike da wannan ruwa abin da ta ɗauko bai wuce buhu biyu ba, wanda ba zai biya kuɗin man motar ba ko da tafiyar ba ta da nisa. Ƙafar da ruwan da wuta ko tace shi da na'urar matsi domin a fitar da gishirin yana cin makamashin da tun farko shi ake nema. Hanya guda da ke da arha ita ce a bi da ruwan ta bututu ko magudana zuwa gindin itatuwan da ke kewaye da matsar, a kan ƙa'ida, ba a lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwan sama ba, kuma daminar kudancin ƙasar nan doguwa ce.

Wannan ya nuna cewa wankin totuwa sana'a ce ta mai babbar gona da matsa a wuri guda, irin su Okomu da Presco. Su ma sai sun yi tunani sau biyu, domin a halin yanzu manyan gonaki na mayar da totuwa gindin itatuwa, inda take ruɓewa ta ba da fotasiyam ɗin, ta riƙe danshi, ta kuma ƙara wa ƙasa taushi. Duk tan ɗin da aka ɗauke aka kai wuta, akwai takin da sai an saya a madadinsa, kuma wajibi ne akanta ya sa wannan a shafin kashewa, ko da ruwan wankin ya dawo da wani kaso.

Mafi yawan manjan Nijeriya kuwa, kimanin kashi 80 cikin 100, yana fitowa ne daga hannun ƙananan manoma da ƙananan matsa da ke warwatse a ƙauyuka, yawancinsu a bakin rafi, ba su da tafki balle na'urar kama gas. Idan kasuwar curin totuwa ta buɗe, ɗan kasuwa ya zo da farashi mai kyau ga wankakkiyar totuwa, ba sai an yi duba ba kafin a san inda za a yi wankin da inda ruwan zai nufa. Mai saye zai sami makamashi mai tsabta, mai sayarwa zai sami riba, masunci da mai ɗiban ruwan sha a ƙasan rafin su ne za su biya ragowar kuɗin ba tare da an shawarce su ba. Dokoki dai akwai su a rubuce. Bayan badaƙalar gubar da aka jibge a garin Koko daga Italiya a 1988 aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a ƙarƙashin Doka ta 58, ta fitar da ƙa'idojin sakin dagwalo a 1991, sannan hukumar NESREA ta gaji aikin tilasta bin su a 2007. Amma sufeto yana iya ziyartar manyan matsa goma a wata, ba zai iya zagaya ƙanana dubu ba.

Saboda haka matakin da ya fi kusa da hannun hukuma yana wajen ba da lasisi da bashi. Duk mai neman izinin kafa masana'antar curin makamashi, ko mai neman rance daga bankunan raya masana'antu da noma, ya kamata a nemi ya nuna lita nawa zai yi amfani da ita a kan kowane tan, daga ina zai ɗebo, ina zai tace, eka nawa ce za ta sha abin da ya rage, kuma ina zai ajiye shi a watannin Yuni zuwa Satumba. Haka nan ya fi dacewa a tara totuwar ƙananan matsa a cibiya guda mai tafki da gona a kusa, a yi wankin a can, maimakon kowa ya wanke tasa. Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya da ke kusa da Benin, wadda tushenta ya faro tun 1939, tana da gonaki da matsa da ɗakunan gwajin da za a iya auna waɗannan adadi a kan totuwar ƙasar nan da ƙasar noman ƙasar nan, kafin wani ya sa hannu a kan kwangilar tan dubbai da mai saye daga waje.